Yadda Ake Sa Karatu Ya Zauna A Ƙwaƙwalwa

Duk shekara idan WAEC da NECO da JAMB suka ƙarato, kukan ɗalibai iri ɗaya ne: na karanta, na gane, amma ina shiga ɗakin jarrabawa komai ya bi iska. Mai hadda ma kukansa ke nan, yana ƙara sabuwa ta gaba, tsohuwa na zubewa ta baya. Da yawa sukan yanke wa kansu hukunci cewa kansu ne ba ya ja. Wannan hukunci yana damuna ƙwarai, domin yawancin masu faɗar haka lafiyar kansu ƙalau. Hanyar da suke bi ce ta saɓa wa yadda ƙwaƙwalwa take yin ajiya.

A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace tana iya samun mahaɗa dubbai da 'yan'uwanta. Abin da ka koya yana zaune ne a ƙarfin mahaɗar da ke tsakanin gungun ƙwayoyin da suka yi aiki tare a lokacin da kake koyon. Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya daɗe yana nazarin wata katantanwar teku mai manyan ƙwayoyin jijiya, ya nuna cewa ajiya iri biyu ce. Ta ɗan lokaci, mahaɗar da ke nan ce kawai ke ƙara ƙarfi, sannan ta koma yadda take. Ta dogon lokaci kuwa sai ƙwayar ta ƙera sabon furotin, har ta tsiro da sababbin mahaɗa. Tsiro ba ya yiwuwa a zama ɗaya. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suke tsaye.

Mataki na farko: tattara hankalinka wuri ɗaya

Ƙofar da bayani ke shiga ta cikinta 'yar ƙarama ce. A 1956 George Miller ya ƙiyasta cewa mutum na iya riƙe abubuwa wajen bakwai a zuci a lokaci guda, daga baya Nelson Cowan ya ce a gaskiya ba su cika wuce huɗu ba. Wani gwaji na 1959 kuma ya nuna cewa haruffa uku kacal sukan ɓace kafin daƙiƙa 20 idan aka shagaltar da mutum da ƙirga. Ka tuna lokacin da aka karanto maka lambar waya, kafin ka rubuta wani ya yi sallama, ka amsa, ka juyo babu ita.

Saboda haka kafin ka buɗe littafi, kashe data, ka kai wayar wani ɗaki ko ka ba wani ya riƙe maka. Kifa ta a kan tabarma kusa da kai bai wadatar ba, rabin hankalinka na wajenta. Ka zaɓi abu ɗaya da za ka koya, ka ba shi minti 25 ko 30 ba tare da katsewa ba, sannan ka miƙe ka sha ruwa ka dawo. Mafi yawan abin da muke cewa mun manta, tun farko bai shiga ba.

Mataki na biyu: gutsura shi, kuma ka san ma'anarsa

Lambar wayar Najeriya 11 ce, amma ba wanda yake faɗinta a jere. Huɗu ake faɗa, sai uku, sai huɗu. Haka za ka yi wa karatu. Kada ka tunkari babi guda gaba ɗaya. Raba shi zuwa gutsattsarin da kowanne zai iya tsayawa da kansa, sakin layi ɗaya, dokar lissafi ɗaya, ayoyi uku ko biyar.

Sannan ka ɗaura sabon a jikin abin da ka riga ka sani. A 1975 Fergus Craik da Endel Tulving suka ba mutane jerin kalmomi. A kan wasu kalmomin aka tambaye su siffar rubutun, a kan wasu aka tambaye su ko kalmar za ta dace da wata jimla. Kalmomin da aka yi tunanin ma'anarsu su aka fi tunawa, nesa ba kusa ba. Idan ka karanta yadda zuciya ke harba jini, tsaya ka tambayi kanka don me ɓangaren hagu ya fi na dama kauri. Idan da Turanci ka karanta, juya shi zuwa Hausa da bakinka, kamar kana yi wa ƙanenka ɗan aji shida bayani. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba tukuna.

Mai hadda yana da ƙarin abu biyu. Ka biya a gaban malam ya gyara maka baki kafin ka fara maimaitawa, domin kuskuren da aka haddace yana da wuyar cirewa fiye da sabon karatu. Kuma ka tsaya a kan bugun mushafi ɗaya, saboda ido ma yana ajiye wurin da aya take a shafi.

Mataki na uku: rufe littafin

Idan a cikin duk wannan bayani abu ɗaya kawai za ka ɗauka, to ɗauki wannan. Yawancin ɗalibai karatunsu shi ne su karanta, su ja layi da biro, su sake karantawa, su kuma karantawa. A karo na huɗu shafin ya zama sananne, ido na gudu a kansa, rai na cewa ai na iya. Amma gane abu idan an ajiye maka shi a gaba daban, zaƙulo shi daga kai babu komai a gabanka daban. A ɗakin jarrabawa na biyun ake nema.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wani rukuni ya yi zama huɗu yana karantawa. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako ɗaya labari ya juya: masu maimaita karatu suka tuna kashi 40 cikin ɗari, waɗanda suka riƙa zaƙulowa daga kai suka tuna kashi 61. Abin lura kuma, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da cewa za su tuna.

Makarantar allo ta daɗe a kan wannan turba. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo karatun, kuma da zarar an wanke, ba sauran wurin leƙawa. Gardin da ya yi nisa yakan yi satu, ya cika allo da rubutu daga ka, ya kai wa alaramma a bi shi harafi-harafi, a nuna masa inda wasali ya kauce. Yana ba ni takaici ganin yaron da ya tashi da wannan tarbiyya, amma da ya shiga sakandare sai ya yar da ita ya koma kallon littafi.

Ga yadda za ka yi. Karanta gutsuren sau ɗaya ko biyu a natse. Rufe littafin, ka kifa shi. Ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ya zo maka, ko ka faɗa da baki a bayyane. Idan ka maƙale, kada ka yi saurin buɗewa. Daure kamar rabin minti kana lalube, domin wannan laluben shi ne ke ƙarfafa mahaɗar. Sai ka buɗe, ka gwada abin da ka rubuta da abin da ke littafi, ka sa alama da jan biro a inda ka tsallake ko ka kuskure. Sake rufewa, ka kawo waɗannan wuraren kaɗai. Idan lissafi ne, rufe amsar misalin ka yi shi da kanka tun daga farko. Tambayoyin jarrabawar shekarun baya ma haka ake cin moriyarsu: amsa su tukuna, sannan ka duba bayan littafi.

Za ka ji wannan hanya ta fi wahala, har ka ji kamar ba ka ci gaba. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Karatun da ya zo da sauƙi shi ya fi saurin tafiya.

Mataki na huɗu: ka yi barci a kansa

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunnuwa, akwai wani ɗan lanƙwasasshen sashe dama da hagu da ake kira hifokamfos. Duniya ta san aikinsa ne ta dalilin wani Ba'amurke, Henry Molaison, mai fama da farfaɗiya mai tsanani. A 1953, yana da shekara 27, likita ya cire masa babban ɓangare na wannan sashe ta ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai sake iya ajiye sabon labari ba har ya rasu a 2008. Yana hira lafiya lau, yana tuna ƙuruciyarsa, amma idan ka fita ka dawo bayan 'yan mintuna sai ya karɓe ka a matsayin baƙo. Brenda Milner, wadda ta daɗe tana nazarinsa, ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa yi ba. Daga nan aka fahimci cewa sabon labari ta hifokamfos yake bi kafin ya zauna a ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma ƙwarewar hannu irin ta tuƙi ko ɗinki hanyarta daban.

Babban rabo na wannan kwashe kaya daga hifokamfos zuwa ma'ajiya ta dindindin cikin barci ake yin sa. Tun a 1924 Jenkins da Dallenbach suka gwada ɗalibai biyu a Jami'ar Cornell, suka ga abin da aka haddace aka kwanta a kansa ya fi zama fiye da wanda aka haddace aka ci gaba da harkokin yini. A 1994 kuma Wilson da McNaughton suka ga cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke kewaya wani wuri, su ne ke sake motsawa tare idan ya yi barci mai nauyi. Wato ƙwaƙwalwa na yin tilawarta kana kwance.

Don haka kwanan zaune a daren jarrabawa asara ce biyu: abin da ka karanta bai samu damar zama ba, kuma da safe kan da za ka zaƙulo da shi a gajiye yake. Baligi na bukatar awa 7 zuwa 9, matashi ɗan sakandare 8 zuwa 10. Daga la'asar ka rage goro da kofi da shayi mai ƙarfi da lemukan ƙara kuzari. Abin da ya fi ba ka wuya, bi shi bayan isha'i kafin ka kwanta, ka tashi bayan asuba ka kawo shi da ka tun kafin ka taɓa littafi ko waya.

Mataki na biyar: ka riƙa dawowa, kana ƙara tazara

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya haddace dubban gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna lokacin da zai sake kashewa kafin ya dawo da su, ya buga sakamakon a 1885. Bayan awa ɗaya kacal sai da ya sake kashe fiye da rabin lokacin farko. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku. Bayan wata ɗaya, kusan kashi huɗu cikin biyar. Karatu mai ma'ana ba ya zubewa da wannan saurin, amma salon ɗaya ne: zubar farko ita ce mai yawa, daga nan sai ta lafa. Kuma duk lokacin da ka dawo ka kawo abin, zubar gaba sai ta ƙara jinkiri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga marini ba ya jefa yadi cikin baba ya tafi. Tsomawa yake yi, ya ɗaga, yadin ya fito da kore-kore, ya sha iska ya rikiɗe shuɗi, sannan ya sake tsomawa. A tsakanin tsomi da tsomi launin ke kamawa. Awa uku da ka raba a kwana uku sun fi awa uku a zama ɗaya.

Tsarin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Abin da ka koya yau, kawo shi da ka yau da dare, sai gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Rubuta ranakun a gefen shafin da fensir don kada ka dogara da tunawa. Ga gajerun abubuwa irin su ma'anar kalmomi, shekarun tarihi da dokokin kimiyya, yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, ka samu ambulan uku. Na farko kullum ake bin sa, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. Mai wayar Android na iya sauke manhajar AnkiDroid kyauta, ita za ta riƙa lissafa masa ranakun.

Mai hadda ya raba zamansa uku: ƙarin yau, sai na kwanakin nan da bai gama bushewa ba, sai tsohuwar hadda. Ranar da lokaci ya ƙure, ƙarin za a bari, ba tilawar ba. Wanda ya kammala izu 60, idan yana tilawar izu biyu kullum, kowane wata ya kewayo. Hadisi ingantacce ma ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani saboda saurin kuɓucewarsa, kuma mahaddata sun fi kowa sanin gaskiyar haka.

Mataki na shida: raba abubuwan da suka yi kama

Ba duk mantuwa ce gogewa ba. Sau da yawa abin yana nan, wani mai kama da shi ne ya tare masa hanya, kamar yadda tsohuwar lambar sirrin katin banki ke riƙa zuwa hannu bayan ka canza sabuwa. Mahaddata sun san wannan a ayoyi masu kama da juna, inda mutum ke cikin wata sura sai ya tsinci kansa a wata. Maganinsa shi ne ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa a takarda ɗaya, ka nuna wa kanka ainihin inda suka rabu, sannan ka riƙa cakuɗa su wajen gwaji. Ɗalibin lissafi ma kada ya yi tambaya ashirin iri ɗaya a jere. Ya gauraya nau'i uku ko huɗu, domin a jarrabawa ba wanda zai gaya masa wace doka za a yi amfani da ita.

Akwai kuma dalilin da ya sa na nace a kan dubawa bayan kowace kawowa. Tunawa sake harhaɗawa ce, kuma kuskure na iya kutsawa ya zauna daram. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane hoton bidiyon haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya da lafazi mai nuna motocin sun yi raga-raga, bayan mako ɗaya sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton. Jin tabbas a zuci ba hujja ba ce. Buɗe littafi ka gani.

Mataki na bakwai: kula da jikin da ke ɗauke da kan

Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa a yawancin ranakun mako tana amfanar ƙwaƙwalwa. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna lalata ƙananan hanyoyin jininta a hankali. Giya, kodin, tiramadol da ƙwayoyin sa barci irin su diazepam suna dagula ajiyar sabon abu, kuma duk wanda ya ce maka wata ƙwaya na buɗe kai don karatu, cutar da kai zai yi. Mai hawa babur ya sa hular kwano. Buguwar kai ɗaya na iya tafiya da abin da ba zai dawo ba.

Tsoro ma yana toshe tunawa. Shi ya sa yaron da ya iya karatunsa sarai yake daburcewa idan ya ga bulala a ɗage, kuma ina roƙon malamai da iyaye su duba wannan da idon rahama. Idan kai ne kanka ya ɗauke a ɗakin jarrabawa, ajiye biro, ja numfashi a hankali sau biyar, ka fara da tambayar da ta fi sauƙi. Sauran sukan biyo baya.

Idan mantuwar ta wuce ta karatu

Manta inda ka ajiye makulli, ko sunan wani ya tsaya maka a baki sai can ya faɗo, wannan kowa na yi. Abin da ke bukatar likita shi ne idan Baba ko Inna suka fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ko ɓata a hanyar masallacin da suka shekara arba'in suna bi, ko kasa lissafin kuɗin cefane da suka saba, ko barin tukunya a wuta akai-akai. Cutar Alzheimer takan fara ɓarna ne a yankin hifokamfos, shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin bikinta tiryan-tiryan amma ta ce ba a ba ta abincin safe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da irin wannan ruɗewa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari Alzheimer ce sanadi. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba kuma ganganci ba, don haka kada a tsangwame su ko a riƙa yi musu gardama a kan abin da suka manta.

A kai su asibiti da wuri, domin wasu dalilan suna da magani: ƙarancin bitamin B12, matsalar halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ciwon damuwa, ko illar wani magani da suke sha. Wanda yake zaune da su shi ya kamata ya raka su, ya tafi da duk magungunan da suke sha har da na gargajiya, ya kuma rubuta lokacin da aka fara lura da canjin da misalan abin da ya faru. Babban asibiti na iya tura su wajen likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitocin tarayya na Kaduna da Kware da Maiduguri. Amma idan ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya, musamman tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu ko ƙafa, wannan ba ta jiran gobe. A nemi mota a tafi sashen gaggawa nan take.